Tsakanin "An Kore Su" da "An Koro Su": Me Ya Sa Ya Kamata a Koyar da "Kick Out" ta Hanyar Hausa

Gabatarwa

A cikin kalmomin Ingilishi da ke yawan fitowa a kanun labarai, kaɗan ne suka kai "kick out" saurin ruɗa mai koyo. Ɗalibin kwaleji a Tasawa ko Mayahi, idan ya ci karo da jimlar "they kicked him out", abin da zai fara yi shi ne ya raba ta gida biyu. Ya san "kick" shuri ne, ya san "out" waje ne, sai ya kammala cewa an sa ƙafa an shuri mutum har ya faɗa waje. Idan kuwa ya ɗaga hannu ya tambayi mushe, amsar da ya fi samu ita ce kalmar Faransanci guda ɗaya, "expulser", a rubuta ta a allo, a kwafe ta a littafi, a wuce. Fahimtar farko kuskure ce tsantsa. Ta biyu kuwa rabin gaskiya ce, kuma ta fi ta farko wuyar gyara, domin wanda ya same ta yana ganin ya gama sani.

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, a yankin da Hausa ce harshen gida da kasuwa, ya kamata malamin Ingilishi da mai fassara su bi ta Hausa kai tsaye wajen bayyana irin wannan aikatau, maimakon su zagaya da shi ta Faransancin aji. Dalili kuwa, Hausa tana da tsarin aikatau da tarin kalmomin kora waɗanda suke iya ɗaukar duk abin da "kick out" ke ɗauke da shi, har ma da wani abu da shi kansa Ingilishin bai tanada ba. Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa a Jamhuriyar Nijar, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tunda Hausa da Ingilishi za su riƙa haɗuwa a ofis da aji da gidan rediyo, ya zama wajibi a san yadda za su gaisa ba tare da tafinta na uku ba.

Abin da "kick out" ke ɗauke da shi

"Kick out" yana cikin rukunin da masu nahawun Ingilishi ke kira "phrasal verb", wanda za a iya kiransa harɗaɗɗen aikatau, wato aikatau da ya haɗu da wata ƴar kalma mai nuna jiha, kamar "out" ko "up" ko "off", suka ba da ma'ana guda. Sunan ya yaɗu ne ta littafin Logan Pearsall Smith na 1925, Dwight Bolinger kuma ya keɓe wa batun littafi sukutum a 1971. Tun kafin su, Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa na 1755 cewa irin waɗannan haɗe-haɗe suna cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙo mai koyon harshen.

Ta fuskar ginin jimla, "kick out" aikatau ne so-karɓau, kuma ana iya raba shi. Idan karɓau suna ne, yana iya zuwa a tsakiya ko a ƙarshe: "they kicked the tenant out" da "they kicked out the tenant" duk daidai ne. Idan kuwa wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya, sai a ce "they kicked him out", ba a yarda a kai shi bayan "out" ba. Idan ana son ambaton wurin da aka fitar da mutum, sai a ƙara "of": "kicked out of school", "kicked out of the house".

Ta fuskar ma'ana kuwa, abubuwa uku ne a dunƙule cikinsa. Na farko, an raba mutum da wani wuri ko wata ƙungiya ko wani muƙami. Na biyu, an yi hakan ba da son ransa ba, kuma da wani nau'in wulaƙanci. Shurin da ke cikin kalmar siffantawa ce kawai, ba a bukatar ƙafar kowa ta taɓa kowa, amma hoton shurin yana nan yana aiki a zuciyar mai sauraro. Na uku, mai magana ya sauko daga harshen ofis zuwa harshen hira, kuma da wannan saukowa yana bayyana matsayinsa, ko dai yana jin daɗin abin da ya faru, ko yana jin haushinsa. Alƙali ba ya rubuta "kick out" a cikin hukunci, amma ɗan jarida yana rubuta shi a kanun labarin hukuncin.

Kalmar tana da ƴan uwa da kowanne yake da nasa launi. "Throw out" yana aiki a kan mutum da shara da ƙarar da kotu ta yi watsi da ita. "Boot out" ya fi kusa da "kick out" a zafi. "Turf out" da "chuck out" sun fi yawa a bakin mutanen Birtaniya. "Drive out" ya fi dacewa da jama'a ko runduna, kuma yana shiga littafin tarihi ba tare da ya zubar da girmansa ba. A ɗaya gefen kuma akwai kalmomin ofis masu asali daga Latin, kowace da fagenta: "expel" ga makaranta da ƙasa, "evict" ga gidan haya, "deport" ga baƙon da aka mayar ƙasarsa. Abin lura shi ne, "expel" da "eject" su ma a asalinsu haɗin aikatau ne da ɗafin "ex" mai ma'anar waje, ɗaya daga aikatau na kora, ɗaya daga na jifa. Ginin iri ɗaya ne, sai dai a cikinsu ya daskare, mai magana ba ya ƙara jin hoton da ke ciki.

Inda Faransancin aji ya gaza

Kalmar "expulser" ƴar uwar "expel" ce ta jini, daga saiwa ɗaya suka fito, kuma a fage ɗaya suke aiki. Saboda haka duk lokacin da aka fassara "kick out" da ita, an ɗauki abu na farko daga cikin ukun nan, an ɗauki wani ɓangare na biyun, an zubar da na ukun baki ɗaya. Ɗalibin da aka koyar da haka zai ɗauka cewa "kick out" da "expel" abu ɗaya ne, wata rana kuma sai ya rubuta wa shugaban wata ma'aikata takardar neman aiki yana bayyana cewa an yi "kicking out" ɗinsa daga aikinsa na baya.

Adalci ne a faɗi cewa Faransanci ba matalaucin harshe ba ne a wannan fage. Yana da "mettre à la porte" da "virer" da wasu da suka fi su kaifi. Matsalar tana ga irin Faransancin da ɗalibin Kanambakashe ko Korgom ya mallaka. Faransancin littafi ne, wanda ya koya a allo domin jarrabawa, bai taɓa yin faɗa da shi ba, bai taɓa yin ba'a da shi a dandali ba. Idan aka ce masa "virer", an ba shi sabuwar kalma ce da ita ma take bukatar bayani. Harshen da yake jin bambancin zafi da sanyin kalma a cikinsa ba tare da tunani ba shi ne Hausa.

Akwai kuma bambancin gini. Leonard Talmy, a aikinsa na 1985, ya nuna cewa harsuna irin Ingilishi sukan sanya yanayin motsi a cikin aikatau, su bar jihar motsin ga ƴar kalmar da ke biye, kamar a "he ran out". Harsuna irin Faransanci kuwa sukan sanya jihar a cikin aikatau, su jinkirta yanayin, kamar a "il est sorti en courant". Wanda ya saba da tsari na biyu yakan guje wa harɗaɗɗen aikatau idan yana magana da Ingilishi. Dagut da Laufer sun nuna irin wannan gudu a 1985 ga ɗalibai masu jin Ibrananci, harshen da shi ma ba shi da wannan gini. Ke nan idan aka bi da ɗalibi ta Faransanci, an bi da shi ta hanyar da ta fi nisanta shi da abin da ake son ya kama.

Abin da Hausa ta tanada

Ba za a ce Hausa tana bin tsarin Ingilishi sak ba. Bahaushe yana cewa "ya fita da gudu", wanda gininsa ya fi kama da na Faransanci. Amma Hausa tana da wani abu da Faransanci ba shi da shi, wato giredin aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960. A cikin wannan tsari saiwa tana riƙe da aikin, wasalin ƙarshe da karin sauti kuma suna ƙara jiha ko cikar aikin, kusan yadda ƴar kalmar Ingilishi ke yi. Giredi na huɗu yana nuna an gama aiki ƙaf: "ci" da "cinye", "sha" da "shanye", daidai da "eat" da "eat up", "drink" da "drink up". Giredi na biyar yana nuna an nisanta abu daga mai aiki: "jefa" da "jefar da", "zuba" da "zubar da", "ba" da "bayar da", daidai da "throw away" da "pour away" da "give away". Paul Newman ne ya jawo hankali ga cewa nisantarwa ce ainihin ma'anar wannan giredi, Mahamane L. Abdoulaye na Jami'ar Abdou Moumouni kuma ya yi nazari mai zurfi a kan haɗuwarsa da "da". Giredi na shida kuwa yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana: "jefo", "zubo", "sayo".

Yaron da yake cewa "ya shanye" tun yana shekara uku ya riga ya san abin da "up" ke yi a cikin "drink up", suna kawai bai sani ba. Haka nan wanda ke cewa "hita" da "hidda shi", kamar yadda karin harshen yankin Maraɗi ke furta "fita" da "fid da shi", ya riga ya san bambancin "go out" da "put out". Aikin malami shi ne ya nuna masa cewa abin da yake nema a cikin baƙon harshe yana da irinsa a bakinsa.

Idan aka koma ga kora ita kanta, sai a tarar Hausa ta jera kalmomi hawa-hawa. "Sallama" ita ce mafi ladabi, shi ya sa ake sallamar ma'aikaci kamar yadda ake sallamar marar lafiya daga asibiti ko baƙo daga gida. "Fitar da" ba ta ɗauke da hukunci. "Kora" ta fito fili da rashin son ran wanda aka kora. "Tisa ƙeya" tana nuna an sa mutum gaba an raka shi da ƙarfin hukuma, don haka ta fi dacewa da "deport". "Fatattaka" tana nuna tarwatsa jama'a da gudu, kamar "drive out". "Tsige" da "tuɓe" na mai muƙami ne, "hamɓarar da" da "kifar da" na gwamnati ne. "Yi waje da" ta sauko harshen hira, har a Nijeriya matasa suka yi mata ado suka ce "waje rod". Sannan akwai "korar kare", wadda ita ce ta haɗa abubuwa ukun nan da ke cikin "kick out": an raba mutum da wuri, an wulaƙanta shi, mai magana kuma bai ɓoye matsayinsa ba. Kamar yadda babu shuri na zahiri a can, haka babu kare na zahiri a nan. Har ma akwai "kora da hali", inda ba a furta wa mutum komai ba, aka dai ƙuntata masa har ya tafi da ƙafarsa, abin da Ingilishi zai kira "freeze out". Da wuya a sami ɗalibin da zai kasa jera waɗannan daga mai sanyi zuwa mai zafi cikin minti biyar, kuma da zarar ya jera su, ya sami ma'aunin da zai ɗora "dismiss" da "expel" da "throw out" da "kick out" a kai.

Kore da koro

Akwai wurin da Hausa ta wuce Ingilishi. "They kicked them out" ba ta faɗin inda mai magana yake tsaye. Hausa kuwa tana da hanyar faɗi da wasali ɗaya. Wanda ya ce "an kore su" yana kallon bayan waɗanda suka tafi. Wanda ya ce "an koro su" yana kallon fuskokinsu suna isowa. Karin maganar nan da ke cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, da "koro" aka gina ta, domin mai maganar yana gefen wutar ne, yana ganin isowar ɓeran, yana kuma tausaya masa.

Tarihin ƙasar Tasawa ya isa misali. A wajajen 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina, sarakunan Hausa na birnin suka fice zuwa arewa. Bayan zama a Damagaram da kuma yankin Tasawa, Ɗan Kasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi a wajajen 1819, shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma, rikicin cikin gida da Ƙaura Hasau ya raba Sarki Mijinyawa da Maraɗi, ya koma Tasawa da zama. Marubucin Ingilishi zai yi amfani da "driven out" a duka biyun ya wuce. Mai ba da labari da Hausa kuwa sai ya zaɓa. A birnin Katsina an kore su, a Tasawa an koro su. Labarin ɗaya ne, amma ɗaya na wanda ya rufe ƙofa ne, ɗaya na wanda ya buɗe.

Haka abin yake a tarihin kusa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta umarci baƙin da ba su da takardu su bar Gana. A ranar 17 ga Janairu, 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu wa'adin mako biyu su bar Nijeriya, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu ƴan Gana, amma da ƴan Nijar masu yawa a cikinsu. Tun daga ƙarshen 2014 kuma ayarin motoci ke sauke ƴan Nijar daga Aljeriya a Asamaka, wasu baƙin ma a ajiye su a cikin hamada, kimanin kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa. Takardun hukuma suna da kalmomi uku na Faransanci a kan wannan, "rapatriement" da "refoulement" da "expulsion", kowace da nauyinta a shari'a. Amma a ƙauyen da ɗan ci-rani ya dawo hannu rabbana, kalma ɗaya ake faɗi: an koro shi. Mai fassarar da ya karanta "kicked out of Algeria" ya ce wa masu sauraro a Mayahi "an kore su daga Aljeriya" bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a wancan gefen iyaka yana magana da mutanen da ke wannan gefen.

A nan akwai wani tarko da rubutu ke ɗanawa, wanda ya kamata ɗaliban kimiyyar harshe su lura da shi. "Kore" iri biyu ce. Akwai ta giredi na biyu idan wakilin suna ya biyo baya, mai karin ƙasa sannan sama, wadda kora ce kawai. Akwai ta giredi na huɗu, mai karin sama sannan ƙasa, wadda ke nufin an kore ƙaf, ba a bar ko ɗaya ba. Manomin da ke bakin Gulbin Kaba yana bambanta su da kunne idan ana maganar dabbobin da suka shiga gona kafin a saki gonaki, amma a takarda duk "ya kore su" ake rubutawa. Mai fassara a rubuce dole ya ƙara wata kalma, kamar "ƙaf" ko "baki ɗaya", idan ta biyun yake nufi.

Zaɓen kalma hukunci ne

Wani zai ce duk wannan ƙwaƙƙwafin masana ne. Abin da ya faru a 2023 ya nuna akasin haka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sabbin mahukunta suka soke yarjejeniyoyin soja da Faransa a ranar 3 ga Agusta, suka ba jakadanta wa'adin sa'o'i 48 a ranar 25 ga watan. Shugaba Macron ya sanar da janye jakadan da sojojin a ranar 24 ga Satumba, rukunin ƙarshe na sojojin kuma ya bar ƙasar a ranar 22 ga Disamba. Waɗannan abubuwa ne da ba a jayayya a kansu. Inda aka rabu shi ne a kan aikatau. Wanda ya rubuta "withdraw" ya mayar da Faransa mai aikin, wanda ya rubuta "expel" ya mayar da Nijar mai aikin, wanda ya rubuta "kick out" kuwa ya ƙara da tafi ko tsaki. A Hausa ma haka: "sun janye", "an sallame su", "an kore su", "an fatattake su", labarai huɗu ne daban a kan rana ɗaya. Mai fassarar da bai san matakin "kick out" ba yana iya sanyaya abin da marubuci ya zafafa, ko ya zafafa abin da ya sanyaya, ya sa a bakin mutum hukuncin da bai yanke ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan a cikin gidansa. Idan mace ta koma gidan iyayenta, tambayar farko da dattawa ke yi ita ce, yaji ta yi, ko koro ta aka yi, ko kuwa sakinta aka yi? Tafiyar ɗaya ce, daga wannan gida zuwa wancan, amma amsar ita ke nuna wanda za a ɗora wa laifi da irin bikon da za a yi, ko ma in akwai sauran biko. Haka nan ɗalibin da makinsa bai kai ba aka cire sunansa a ƙarshen shekara, akwai tazara mai nisa tsakanin a ce an sallame shi da a ce an yi masa korar kare, kuma shi ne zai rayu da kalmar da aka zaɓa. Magana zarar bunu ce. Al'ummar da ke auna kalmomin kora da irin wannan ma'auni ba ta cancanci a koyar da ƴaƴanta cewa duk kora "expulser" ce ba.

Abin da masu ja za su ce

Akwai hujjoji uku da ake iya kawowa a kan wannan ra'ayi, kuma babu wadda za a raina. Ta farko, cewa masana koyar da harshe da yawa suna ganin a koyar da Ingilishi da Ingilishi, kada a shigo da wani harshe aji. Da ana bin wannan ƙa'ida, da maganar ta zama daban. Amma duk malamin da ya rubuta "expulser" a allo ya riga ya shigo da wani harshe. Tambayar da ta rage ita ce wanne ne ya fi amfani, kuma doka ba ta hana Hausa ba, domin tun 1973 Nijar ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida, dokar ilimi ta 1998 kuma ta amince da su a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci.

Ta biyu, cewa ba duk ɗaliban yankin ne Hausawa ba, akwai Fulani da Buzaye, musamman a arewacin Mayahi. Wannan gaskiya ne, kuma malami nagari zai tambayi waɗannan ɗalibai yadda harsunansu ke jera kalmomin kora, domin darasin ya ƙara faɗi. Sai dai a wannan yanki Hausa ce harshen da mafi yawan yara ke haɗuwa a kansa a kasuwa da filin wasa, kuma yaron da Hausa ce harshensa na biyu ya fi jin ta a jika fiye da Faransancin da yake na uku.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi: kamancen ba cikakke ba ne. Giredi bakwai ne kawai, ƴan kalmomin Ingilishi kuwa sun fi haka yawa, kuma akwai harɗaɗɗun aikatau irin "put up with" da "give in" waɗanda babu giredin da zai bayyana su. Ɗalibin da aka ce masa kowane "out" giredi na biyar ne zai yi tuntuɓe a kan "find out". Wannan gargaɗi ne da ya kamata a karɓa. Giredi tsani ne da ake hawa a kai ga fahimtar cewa ƙaramin ɗafi yana iya juya aikatau, ba a ce zai kai ɗalibi ko'ina ba. Amma tsanin da ya kai rabin bango ya fi tsayuwa a ƙasa ana kallon sama.

Kammalawa

Aikin da ke gaba na ɗaliban kimiyyar harshe ne kafin ya zama na kowa. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham da na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990 sun tara kalmomi masu yawa, amma ba a rubuta su domin malamin kwalejin Urafan da ke da ɗalibai cike da aji da alli guda a hannu ba. Abin da yake bukata ƙaramin littafi ne da zai ɗauki harɗaɗɗun aikatau da suka fi yawo, ya jera kowanne kusa da takwarorinsa na Hausa bisa matakin zafi da ladabi, ya nuna inda karin harshen Maraɗi ya bambanta da daidaitacciyar Hausa, ya kuma faɗi inda kamancen ya tsaya. Wannan aiki ne da ya isa kundin digiri na biyu, kuma kayan aikinsa suna nan a bakin tsofaffin Tasawa da Maijirgi da Mayahi, waɗanda za su iya bambanta kora goma ba tare da sun taɓa jin sunan Parsons ba. Tunda an riga an rubuta a kundi cewa Hausa da Ingilishi za su yi aiki tare, ba a fafe gora ranar tafiya. Kyakkyawan wurin farawa shi ne wannan ƙaramin aikatau, domin ɗalibin da ya gane dalilin da ya sa "kick out" ya fi kusa da korar kare fiye da sallama ya gane cewa sanin ma'anar kalma bai cika ba sai an san wanda ke faɗinta, da wanda ake faɗa wa, da gefen ƙofar da kowannensu yake tsaye.